Neman shawara: an ce mahaifinmu ya sake hoton MRI kafin a fara masa gashi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu yana da shekara 68, kuma an tabbatar yana da sankarar furostet, wato ƙullun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Tun bara yake tashi fitsari sau huɗu ko biyar cikin dare yana ɓoyewa, sai da mahaifiyarmu ta gaya wa yayata, ita kuma ta yi wata biyu ba ta sanar da ni ba, alhali ni nake kai shi asibiti. Da aka auna jini PSA, wato sinadarin da ke ƙaruwa idan furostet ta samu matsala, ya kai 14, aka yi MRI, aka ɗebi tsoka, sakamako ya nuna Gleason 4+3 a ma'aunin tsananin sankarar. Wata huɗu ke nan yana karɓar allurar rage sinadarin maza. Da muka je a tsara gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura, likita ta ce bayan hoton CT sai an sake MRI, a ɗora ɗaya kan ɗaya, sannan ta zana iyakar inda hasken zai bi. Na ce mata a yi da wanda muke da shi, domin Baba ya sha wuya a na farkon, ya fito daga na'urar rigarsa sharkaf da gumi, hannunsa na rawa. Shin wajibi ne a sake, ko CT ya isa?

Ma'aikacin sashen gashi: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba Baba lafiya. Likitarku tana kan gaskiya. Da CT ake lissafin yawan hasken da kowane nama zai sha, amma a cikinsa furostet da naman da ke kewaye kusan launi ɗaya suke fitowa, musamman ta ƙasa, shi ya sa mai zane kan zana ta da girma fiye da yadda take, wani lokaci da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk abin da aka ƙara a zanen, dubura da mafitsara ne suke shan haskensa. MRI kuwa yana fito da iyakar furostet sarai, har ma da ƙarin da ke cikinta. Tsohon hotonku an ɗauke shi kafin allura, ita kuma allurar tana sa furostet ta motse, saboda haka ba zai hau kan sabon CT daidai ba.

Wani dattijo: Ɗana, ni shekara tara da suka wuce aka yi mini gashi da CT kaɗai, kuma ga ni nan da rai. Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne jira, domin sau uku na'ura tana lalacewa ana ɗage mini rana ba tare da wani ya yi mini bayani ba. Ku fara kawai, jinkiri ba ya haifar da ɗa mai ido.

Wata 'yar uwa: Mu mijina sai da aka gama masa gashi kaf aka gano cutar ta riga ta kai ƙashi, kuma har yau ban daina jin ciwon yadda ba wanda ya ambata mana hoton PSMA PET ba, wanda ke neman sankarar furostet a duk jiki. Yayana, ka bar batun MRI ka nemi wannan. Ba ka ma faɗa mana ko an duba yaɗuwarta ba.

Ma'aikacin sashen gashi: Baba, ba a raina abin da ya same ka ba, amma mai shan allura cutarsa a danne take, jiran mako biyu don hoto ba zai cutar da shi ba. Hajiya, aikin hotunan biyu daban ne. PSMA PET ya fi ƙarfi wajen gano ko ta bazu zuwa kaluluwa ko ƙashi. A binciken da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 2020, daidaitonsa ya kai kashi 92 cikin ɗari, na CT da hoton ƙashi da aka saba yi 65. Amma wajen shata iyaka MRI ne gaba. A binciken FLAME na Holan da Beljiyam, kan maza 571, an ba dukan furostet awon haske 77, aka ƙara wa ƙarin da MRI ya nuna har zuwa 95. Bayan shekara biyar, kashi 92 PSA ɗinsu bai sake tashi ba, waɗanda ba a ƙara wa ba kuwa 85, kuma illa ba ta ƙaru a zo a gani ba. Ƙanena, kada ka yar da tsohon hoton, domin bayan allura ƙarin kan dusashe a sabo, a tsohon ne za a ga inda yake.

Mai tambaya: Na gode yaya, amma ku ba ku ga halin da ya shiga ba, ni na riƙe shi a ranar. Ba ƙin bin likita nake ba, kuma da an sanar da ni da wuri da ba mu kai nan ba. Sannan akwai ƙarfe a ƙugunsa tun wani aiki da aka yi masa, an ce yana ɓata hoto.

Wata 'yar uwa: To ka gani, ga dalilin da zai sa ka nemi PET ɗin.

Ma'aikacin sashen gashi: Ƙanena, da batun ƙarfen nan ya kamata ka fara. Ƙarfen ƙugu ya fi ɓata CT, yana jan layuka fari da baƙi daidai kan furostet, wanda hakan ƙarin hujja ce ta yin MRI. Ka kai musu takardar aikin su tabbatar da irin ƙarfen, ka kuma roƙi a ba shi maganin kwantar da hankali, a shigar da shi ta ƙafa.

Mai tambaya: Takardar tana hannun yayata. Zan sake tambayar likita ranar Litinin ko za ta yarda da tsohon, domin na riga na yi wa Baba alkawarin ba zai sake shiga na'urar nan ba.