Wa ya gane kantin nan na wajen tasha? Tsofaffin hotunan Zariya daga akwatin Baba

Ɗan Akawu, Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Taimako nake nema wajen waɗanda suka san Zariya ta da, musamman dattawan Sabon Gari da na wajen unguwar PZ.

Bayan rasuwar gwaggonmu ne aka jawo wani akwatin ƙarfe na mahaifinmu daga ƙarƙashin gadonta, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Takardun gona ne a ciki da rasiɗan haraji, sai wata ambulan mai ruwan ƙasa cike da hotuna da katunan nan masu hoto da ake aikawa ta gidan waya. Gara ta taɓa gefen wasu, amma yawancinsu lafiya lau.

Baba ya yi akawu a wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa kafin ya koma harkar auduga. Mu ba mu tashi mun same shi a kantin ba, shi kuma ba mai yawan labari ba ne. Iyakar abin da yakan ce shi ne "lokacin da nake kanti", daga nan sai ya ja carbinsa.

Hoton da ya hana ni sakat shi ne wanda yake tsaye a bakin kantin. Gini ne dogo mai rufin kwano, da baranda mai ginshiƙai, ƙofofinsa na katako masu ganye biyu. Baba na tsakiya da gajeren wando da doguwar safa, ya soke fensir a bayan kunne, abin da duk cikinmu ba wanda ya taɓa zaton ya taɓa sawa a duniya. A damansa wani dattijo ne da babbar riga, ya dafa sikeli irin na ƙasa wanda ake ɗora buhu a kai. A hagu wani yaro ya riƙe keke, sabo fil, ko takardar jikin ƙarfen ba a ɓare ba. Can ƙarshen baranda akwai tela a kan keken ɗinki, ya sunkuyar da kai, ko ta mai hoto bai bi ba. Ana hango hancin babbar mota a gefe. Abin haushin shi ne mai hoton ya yanke allon sunan kantin, ƙasan haruffan kawai ake gani.

Wane kanti ne wannan, kuma wajen wace shekara? Sannan ko akwai mai hoton layin kantunan gaba ɗaya? Na duba intanet har na gaji. Kullum abu ɗaya ake maimaitawa: ƙofar fada, ganuwa, masallacin Juma'a, hawan daba. Ban raina su ba, amma inda iyayenmu suka sayi kananzir da atamfa da sukari mai iyali fa? Su ma katunan da ke hannuna haka suke. Ɗaya wata ƙofar gari ce da jakuna na shigowa, ɗaya tasha ce, ɗaya marina. Ba ko guda mai kanti.

Tsohon Ɗan Reluwe, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Ni a reluwe na yi aiki har na yi ritaya, mahaifina ma haka, don haka wajen nan a tafin hannuna yake.

Sunan kantin ba zan yanke maka ba sai na ga hoton da idona, domin gine-ginen kamfanonin nan kusan duk zubi ɗaya ne. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC da PZ duk jikin layin dogo suka kafa, saboda dalili ɗaya: jirgi ya sauke musu gishiri da yadi da kwanuka, ya ɗauki auduga da gyaɗa da fatu ya yi kudu. Layin da ya taso daga garin Baro na bakin kogin Neja ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, to tun daga nan ciniki ya fara komawa bakin tasha. Unguwar da kuke ce wa PZ ɗin ma sunan kamfanin Paterson Zochonis ta ci.

Sikelin da ka faɗa ya nuna ba kantin sayarwa kaɗai ba ne, suna awo. Da kaka manomi ko ɗan kamasho zai kawo kaya a ɗora, akawu ya rubuta nauyi ya yanka takarda, a biya shi, kuɗin kuma sau da yawa ba sa barin barandar. Nan zai juya ya sayi turmin atamfa, telan da ka gani ya ɗinka masa, in shekara ta yi kyau ya tura keke gida. Shi ya sa tela ba ya rabuwa da bakin kanti.

Katin tashar nan kuma ka ƙura masa ido. In ka ga wani siririn layi ban da babban, to na ƙaramin jirgin da ke zuwa Jos da Bukuru ne yana ɗauko kuza. An rufe shi a 1957. Na Gusau da Ƙauran Namoda shi babban layi ne, ya isa can a 1929.

'Yar Birni:

Baba sannu da ƙoƙari, mun ƙaru. Amma Malam Ɗan Akawu, ina da ja a kan maganarka. Ka sa PZ ta zama ita ce Zariya, har kana ƙorafin an cika ɗaukar ƙofar gari da marina. To ai marinar ita ce kantinmu. Kakata ba ta taɓa taka bakin tasha ba har ta koma ga Allah, duk abin da take so a kasuwar birni ake sayo mata, ko dillaliya ta kawo har ɗaka. Masu ɗinkin hannu da ke zaune a zaure suna fitar da aska takwas, da dukawa, da maƙera, da 'yan koli, su ba 'yan kasuwa ba ne don ba su da allo da baranda?

Inda na yarda da kai shi ne Baturen da ya ɗauki hotunan katin ba don mu ya ɗauka ba. Abin da zai burge 'yan'uwansa a Ingila yake nema, shi ya sa ba zai ɓata fim a kan kantin kwano irin wanda ya baro a garinsu ba. Ko marinar ma ramukan ya ɗauka, bai tambayi sunan mai rinin ba. Hoton masallacin Juma'a kam ka bar shi ya yi ta yawo, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne tun zamanin Sarki Abdulkarimu, ba kowane gari ke da irinsa ba.

Bakanon Samaru:

Zage-zagi ke nan, ana neman sunan kanti ɗaya har an raba gari biyu. Ku zo Kano mu ara muku hotunan Kantin Kwari ku huta.

Malamin Tarihi, Kongo:

Bakano a yi mana afuwa, jirgin ma sai da ya gaishe mu kafin ya ƙarasa wajenku.

Malam Ɗan Akawu, shekarar hoto ana kamo ta ne daga ƙananan abubuwan da mai hoton bai kula da su ba. Samu gilashin ƙara girma, ko ka ɗauka da waya ka buɗa shi sosai. In akwai farashi a allo ko a jikin kwali da sule da kwabo, an ɗauka kafin Janairun 1973 da naira ta shigo. In mota na tafiya ta hannun hagu, kafin Afrilun 1972 ne. In ka ga an rubuta North Central State a wani allo, tsakanin 1967 ne da 1976, kafin a mai da sunan jihar Kaduna.

Katunan kuma ka juya bayansu. Kan sarki mai hoton Sarki George na shida na nufin wajen 1952 ko kafin nan, mai hoton Sarauniya Elizabeth daga 1953 zuwa wajen samun 'yancin kai. Hatimin gidan waya ya fi duka, domin yana ɗauke da rana da garin da aka jefa katin. Sai dai a kula, ranar aikawa daban, ranar ɗaukar hoto daban. Masu buga katin sukan shekara da shekaru suna maimaita tsohon hoto, don haka kati na iya tafiya a zamanin Sarki Ja'afaru, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, alhali hoton tun na zamanin Aliyu Ɗan Sidi ne.

Hoton layin kantuna da kake nema, ka leƙa ɗakin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Arewa House, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa nan Zariya a 1939, su ma a duba su saboda tallace-tallacen kamfanoni. Amma ni a ganina irin hoton da kake so ba a can ya fi yawa ba, yana cikin akwatunan gidaje irin naku, wajen 'ya'yan akawuna da direbobi da teloli. Iyalan Yarbawa da Ibo da suka daɗe a Sabon Gari sun riga mu sabawa da zuwa gidan hoto, a tambaye su.

Roƙona ɗaya, kada ka kai a manne su cikin leda da injin zafi. In aka yi haka an gama, ba a ɓarewa, kuma hoton na iya lalacewa a ciki. Ka ɗauki gaba da baya da waya a inuwa, ka sa farar takarda tsakaninsu, ka ɗaga su daga ƙasa saboda laimar damina. In za ka rubuta suna a baya, da fensir, ban da biro.

Ɗan Akawu, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya 'Yar Birni, na ji, ba ni da ta cewa, mu 'yan Tudun Wada dama a tsakiya muke, kowa ya ja mu.

Malam, na bi shawararka. Motar a tsaye take, ba ta faɗi komai ba. Amma a jikin ginshiƙi, bayan kafaɗar dattijon, akwai ɗan allo da aka rubuta 1/6 da alli, sule da sisi ke nan. Katin tashar ne kaɗai aka taɓa aikawa, kan Sarauniya ne a jiki, hatimin ya dushe amma ana karanta Jos. Siririn layin kuma yana nan, ya bi ta bayan wani tankin ruwa.

Wani abin da ban lura da shi ba sai yau: a bayan hoton kantin akwai rubutun ajami da fensir, layi biyu, ya kusa gogewa. Na kai wa limamin unguwarmu, ya ce na farko sunaye ne guda uku, na biyu kuma kamar "ranar da aka kawo kekuna". Ashe yaron nan ma yana da suna.

Baba na Sabon Gari, in ba takura ranar Asabar bayan la'asar zan kawo maka ambulan ɗin gaba ɗaya ka duba. Akwai wani hoton ma na wasu mutum biyar a kan buhunan auduga da nake so ka gani, ɗaya daga cikinsu da hular ma'aikatan reluwe.

Tsohon Ɗan Reluwe, Sabon Gari:

Ka zo ɗana, ina gida. Ka taho da gilashin nan na Malam, idon ya yi rauni. Akwai wani abokina da ya yi dako a bakin tasha tun yana saurayi, zan aika a kira shi, shi ya fi ni sanin fuskokin masu awo.