Yaushe Ake Daina Tafasa Bulumbotin Jariri?

Ra'ayin wasu iyaye mata da suka tattauna wannan batu ya rabu biyu. Mafi yawansu sun goyi bayan shawarar hukumar lafiya ta Ingila, cewa a ci gaba da tafasa bulumboti har yaro ya cika wata 12, domin ragowar madarar da ke maƙalewa a wuyan kwalba da cikin robar tsotso tana hayayyafa ƙwayoyin cutar gudawa cikin sauri. Wasu sun kawo matsayin hukumar lafiya ta Amurka, wadda ta fi jaddada tafasawar ga jariri ɗan ƙasa da wata 2, da bakwaini, da mai raunin garkuwar jiki. Sai dai duk sun yarda cewa inda ake shan ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, bai kamata a yi gaggawar dainawa ba.