Gidan bakin teku a Sali ya sauko da kuɗi: in saya ko in haƙura?

Ɗan Kasuwar Dole:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena da ke zaune a Mbur ta ƙasar Senegal ya aiko mini da labarin wani gida a Sali, garin ƴan yawon shaƙatawa na bakin teku. Ɗaki uku da falo, da ƙaramin pisin (wurin ninƙaya), cikin rezidans, wato rukunin gidaje, mai gardi. Mai shi Bature ne, wai tattalin arziki ya tsuke masa, baƙi kuma sun ja baya. Sefa miliyan 65 ya fara sawa, yanzu ya sauko 48. An ce hayarsa jika 40 a kwana, kuɗin rezidans jika 60 a wata. Miliyan 30 gare ni a hannu, cikon sai na sayar da filayena biyu na hanyar Tanut a nan Damagaram, in ɗan taɓa jari. Ƙanen nawa na cewa in hanzarta kafin wani ya riga ni. Don Allah masana, me kuka gani?

Malam Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar "hanzarta" ita za ka fara ajiyewa gefe. A kasuwar da ta yi sanyi, mai saye ne ke da lokaci.

Gidan shaƙatawa ba kamar gidan Birni ko na Zango ba ne, wanda dole mutum ya kwana cikinsa. Gida na biyu ne. In aljihu ya yi zafi shi ake fara sakewa, kuma masu shi kusan lokaci ɗaya suke saki, tunda yawancinsu daga wuri ɗaya kuɗinsu ke fitowa. Ciniki ne ke fara tsayawa, farashin da ke kan allo kuma ya daɗe bai motsa ba, don kowa na riƙe da kuɗin jiya. Sai an yi watanni, wani lokaci shekaru, kafin masu gidajen su sallama. A Sifaniya gidaje sun soma faɗuwa a 2008, ba su tsaya ba sai wajen 2014, bayan sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na darajarsu, na bakin teku suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wanda ya saya a 2009 yana murnar ya tsinci dami a kala, ya zauna yana kallon gidan na ƙara sauka.

Saboda haka 65 ɗin nan ba ma'auni ba ne. Nawa aka sayar da gida irinsa cikin wannan rezidans a watanni goma sha biyun da suka wuce? Wannan ƙanenka zai binciko.

Ga lissafi da alƙalumanka. A ce shekarar ta yi kyau, an kama gidan kwana 150, miliyan 6 ke nan. Dillalin haya ya cire nasa, a ƙaddara 20 cikin 100, saura 4,800,000. Kuɗin rezidans 720,000 a shekara. Mai shara da mai kula da pisin, a sa jika 80 a wata, 960,000. Gyara, ko da 1 cikin 100 na kuɗin gidan, 480,000. Abin da zai rage 2,640,000, ba a cire lanho ba. To, shekarar da baƙi suka ƙi zuwa, aka sami kwana 70 kawai: 2,800,000 suka shigo, in ka cire waɗancan duka jika 80 ta rage maka. A shekara fa. Da lissafin muguwar shekara ake sayen irin wannan gida.

Tsohon Ma'aikacin Kadastir:
Kafin lissafi ma, Alhaji, wace takarda gare shi? A Senegal iri uku za ka ci karo da su, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai titir fonsiye, mallaka cikakkiya. Akwai bayi, wato hayar ƙasa ta dogon lokaci daga gwamnati: ginin naka, ƙasar ba taka ba, akwai kuɗin da ake biya duk shekara, kuma canja suna na buƙatar izini. A yankin shaƙatawa na Sali, wanda hukumar SAPCO ke kula da shi, za ka tarar da wannan da yawa. Sai delibarasiyon, wato takardar shawarar majalisar gari, a kan ƙasar da dokar 1964 ta kira ta ƙasa baki ɗaya. Wannan izinin amfani ne kurum, doka ba ta san sayar da shi ba, ko da kuwa mutane na yi kullum. In ita ce takardar, ka ja da baya.

Ka ɗauki noter naka, wato masanin doka mai tabbatar da takardun ciniki, ba wanda mai gida ko dillali ya kawo ba. Ya je ofishin lanho da filaye na Mbur ya ciro takardar da ke nuna halin da gidan ke ciki yau: sunan wa ke kai, ko banki ya riƙe shi jingina, ko akwai shari'a. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin matsi, don wanda ke sayarwa cikin gaggawa sau da yawa bashi ne ke korarsa. A duba lambar NICAD, wato lambar filin a kadastir, ta dace da filin da aka nuna, a ga izinin gini. In Baturen na da mata kuma dukiyarsu haɗe take a takardar aure, sai ita ma ta sa hannu. In wakili ne zai sa hannu, noter ya tantance takardar wakilcin.

Sannan tazarar gidan da ruwa. Dokar 1976 ta ware mita 100 daga inda ruwa ke kaiwa in ya cika, ta ce na gwamnati ne, ba a mallakarsa. Gidan da ke cikin wannan zirin, komai kyansa, ranar da aka so tashinsa ba ka da ta cewa.

Kuɗin rajista 5 cikin 100 ne, ban da ladan noter da na canja suna. Ka ware kusan miliyan 4 a kan 48 ɗin. Kafin alƙalami kuwa, kada ya wuce 10 cikin 100, a asusun noter, da sharaɗi a rubuce cewa in takarda ta fito da matsala za a maido maka.

Injiniya Ɗan Garin Malam:
Yaya, iskar teku gishiri gare ta, kuma ƙarfe take ci. Mu nan Damagaram tsatsa ba ta dame mu ba, shi ya sa ba ma lura. A bakin teku ana son sumintin da ya rufe rodi ya kai santimita 5. In magini ya yi rowa, ko ya kwaɓa da yashin teku da ba a wanke ba, gishiri na kaiwa ga rodin, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki. A duba ƙarƙashin baranda da kan ginshiƙai: layin tsagewa mai bin rodi, da jan tabo kamar an zubar da shayi. A ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, inda ya yi ƙarar holoƙo ya riga ya saki. Sabon fenti a wuri ɗaya kaɗai, a tambayi dalili.

Injin kilim na waje, ƙofar ƙarfe, makulli da akwatin wuta, duk ba sa daɗewa kamar a nan. Pisin kuwa ko babu kowa a gidan dole famfonsa ya yi awa shida zuwa takwas kullum da sinadarin kulorin, in ba haka ba cikin ƴan kwanaki ruwan ya koma kore. In rufin ciyawa ne, irin wanda Turawa ke so can, a tambayi shekarar da aka sake shi. In da rijiya a gidan a ɗanɗana ruwan, kusa da teku yakan yi zartsi. Kuma a ga gidan a watan Agusta ko Satumba, lokacin damina, ba a Janairu ba.

Hajiya ta Sabon Gari:
Ɗana, ni tambayata ɗaya: wa zai kwana cikinsa? Kakar baƙi daga Nuwamba zuwa Afrilu ce, kuma abu kaɗan ke karya ta. Cutar Ebola ta 2014, mutum ɗaya aka samu da ita a Senegal, amma baƙi suka guje. A 2020 korona ta rufe jirage watanni. Teku ma ya taɓa cinye rairayin gaban otal-otal na Sali har sai da aka zuba duwatsun kariya aka ƙaro yashi. Gidan da ƴan Dakar za su iya kamawa ƙarshen mako, ko ma'aikacin filin jirgin Blaise Diagne ya yi hayarsa ta shekara, ya fi wanda ke jiran Bature kaɗai. Ka kuma yi tunanin abin da ƴan hayar kwana za su riƙa yi a ciki, in zuciyarka za ta ɗauka.

Jari kuwa kada ka taɓa. Fili a hanyar Tanut in ka matsu ka san dillalan da za ka kira da yamma. Wancan sai ya shekara da allo a ƙofa.

Malam Mai Lissafi:
Hajiya ta tuna mini. Sefa ɗaya muke ci da Senegal, babu asarar canji, amma daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 takunkumi ya toshe hada-hadar kuɗi tsakaninmu da maƙwabta. Ka tanadi kuɗin hidimar gidan na shekara guda a can. Kuma a nemi takarda daga masu kula da rezidans: Baturen na da bashin wata nawa, gida nawa ne ba sa biya? In rabi sun daina biya, gardi da fitila da shara kan ku ƴan kaɗan za su dawo.

Ɗan Kasuwar Dole:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira ƙanen nawa, ya ce bayi ne, ba titir fonsiye ba, kuma allon ya fi shekara a ƙofar. Na ce ya aiko hoton takardar da shekarun da suka rage a cikinta. Malam na kadastir, in shekarun sun yi ƙasa da ashirin, ana sabuntawa kafin ciniki ne ko bayansa?

Tsohon Ma'aikacin Kadastir:
Kafin ciniki, Alhaji, kuma a wuyan mai gida. Noter ya sa shi cikin sharuɗɗan alkawarin sayarwa tare da izinin canja suna. In ya ce ba zai jira ba, sai ya rage kuɗin.