Yadda za a gane murhun da ke cin itace kaɗan: abin da aka tattauna

Na tattara abin da 'yan'uwa suka faɗa kan yadda za a gwada ko sabon murhu yana rage cin itace, don bayanan sun warwatsu.

1. Kowa ya yarda ido ba ya auna itace. A ɗora shi a sikeli kafin a hura wuta, a sake auna ragowar bayan an sauke. Garwashin da ya rage ma a kashe a auna, don shi ma makamashi ne.

2. Tukunya ɗaya, ruwa lita 5, itace iri ɗaya kuma busasshe. Ɗanyen itace yakan cinye zafinsa wajen busar da kansa, sai a ɗora wa murhu laifi. A rubuta mintin da ruwa ya tafasa, a rage wuta ya ci gaba da ɓararraka minti 45. A maimaita sau 3, a wurin da iska ba ta kaɗawa.

3. A nan aka rabu. Wasu sun ce tafasa ruwa ya wadatar. Mata da yawa sun ƙi, suka ce ruwa daban, tuƙin tuwo daban: murhun da ya yi saurin tafasa ruwa yana iya girgiza idan muciya ta shiga, ko ya gaza da wake. Shawararsu a auna itacen da gida ke ci kwana 3 a murhun duwatsu uku, sannan kwana 3 a sabon murhun. Ni ma nan na karkata, don su ke shan hayaƙin.

4. Masu kurfoti su auna gawayi haka nan, kada su ƙirga da leda.