Gida kusa da rafi ko kan tudu mai nisa?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Za mu tashi da iyali, gidaje biyu ne a gabana. Ɗaya a gangare yake, gefen wani rafi da ba ya kawo ruwa sai da damina, ga shi daf da wurin aikina. Ɗayan kan tudu, amma da nisa sosai. Mai gidan farko ya rantse ruwa bai taɓa shiga ba tun da ya gina. Yarana ƙanana ne, mahaifiyata kuma ƙafa ta hana ta sauri. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Mai Awon Ƙasa: Wa alaikumus salam Malam. Tambaye shi yaushe ya gina. In shekara goma ce, rantsuwarsa ba ta gaya maka komai ba. Akwai abin da masana ke kira ambaliyar shekara 100. Ba wai sai bayan ƙarni take zuwa ba: kowace shekara yiwuwarta kashi 1 cikin 100 ce, wanda ya zauna wurin shekara 30 kuwa ta kai masa kusan kashi 26. Busasshen rafi ya fi ba ni tsoro, don mutane kan manta hanyar ruwa ce. Derna ta Libiya a bakin irin wannan kwarin take. A Satumban 2023 madatsai biyu suka fashe a samanta cikin dare, dubbai suka rasu. Ka bincika ko akwai dam a saman rafin nan. Ka duba gindin katangun maƙwabta, ruwa yana barin zane. Sannan ka nemi tsoffin unguwar, su ba haya suke nema su ba ka ba.

Maman Sadiq: Ni batun Hajiya ne ya taɓa ni. Da tsakar dare, ba wuta, ruwa har gwiwa, wa zai goya ta, wa zai ɗauki yara? Ka ɗauki nisan, ɗan uwa. Allah ya ƙara mata lafiya.

Ɗan Dutse: Tudun ma a duba shi. A Agustan 2017 gefen tsauni ya zaftare kan gidaje a wajen Freetown ta Saliyo bayan mamakon ruwa, ɗaruruwa suka mutu. In an sare bishiyoyi, ko an yanke gangaren an kafa gida a gindinsa, ko ka ga tsaga a bango, a yi hattara.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tudun shimfiɗaɗɗe ne, ba tsauni a bayansa. Batun dam ne zan bincika gobe in Allah ya yarda. Mai Awon Ƙasa, wane ofishi ake tambaya taswirar ambaliya?