Neman shawara: Goblin na ta cinye min bishiyoyi, kuɗin hannuna kuma kaɗan ne

Ɗan Rimi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara kafin Juma'a, kaina ya kulle.

Mu huɗu ne muke buga wasan katin nan Magic: The Gathering a ɗakin wani abokinmu a Samaru, duk Asabar bayan la'asar. Shi ya taho da katunan da ya gama karatu a Malesiya, ya zube kwalin a tabarma ya ce kowa ya zaɓi launinsa. Na ɗauki kore saboda Treefolk, bishiyoyin nan masu tafiya suna faɗa. Ni a cikin birni na tashi, a gindin rimi muka yi wasan ƙasa, kakana kuma har ya rasu bai bari an sare tsamiyar ƙofar gidanmu ba, duk da rigimar da aka sha da maƙwabta a kan ganye da jemagu. To ina ganin katin Timber Protector na ce ni da wannan dek (jerin katunan da mutum ke bugawa da su) mutu ka raba.

Matsalar ita ce mai dek ɗin ja. Kafin in sauke bishiya ta biyu Goblin ɗinsa, ƙananan dodannin nan masu sauri, sun gama da ni. Yayata da ke Ingila za ta zo biki wata mai zuwa, ta ce in turo sunayen katunan ta riƙo min, amma kada su wuce na naira dubu arba'in, don ita a wajenta takarda ce kawai. In nemi katin bishiyar nan Doran, the Siege Tower ne, ko me?

Mai Shuɗi: Wa alaikumus salam. Dek na kati 60 ne ko Commander na kati 100? Katin ƙasa nawa ka saka, wato masu ba da mana da ake biya a sauke sauran katuna? Ka ba mu labarin tsamiya, ka bar wannan.

Ɗan Rimi: Na 60 ne. Forest (katin ƙasa na kore) 20, sauran kusan duk bishiyoyi.

Oga Kongo: To ga ciwon nan. Ƙanena, ba Doran ne maganinka ba, lissafi ne. Timber Protector mana 5 yake ci, Leaf-Crowned Elder 4, Dauntless Dourbark 4. Da ƙasa 20 cikin 60, sau da yawa za ka kai zagaye na biyar da ƙasa uku a gabanka, hannunka cike da katunan da ba ka iya saukewa. Mai Goblin kuwa tun zagayen farko yake cizo, rai 20 da ake fara wasa da shi kuma ba ya daɗewa. Ka mayar da Forest 24. Sannan ka sa yayarka ta nemo Treefolk Harbinger guda huɗu: mana ɗaya, tauri 3, Goblin ƙarami ba ya wuce shi, kuma yana zaƙulo maka bishiya ko Forest ya ɗora a saman dek. Bosk Banneret huɗu, shi kuma yana rage mana ɗaya a kan kowace bishiya. Kusan duk daga Lorwyn na 2007 da Morningtide na 2008 suke, tsofaffin kaya ne. Doran launi uku yake buƙata, fari da baƙi da kore. Kuɗinka zai ƙare ne a katunan ƙasa masu ba da launi biyu-uku, ba a bishiyoyi ba. In abin da Doran ke yi ne ya burge ka, wato dodanni su riƙa duka da taurinsu maimakon ƙarfinsu, Assault Formation na yin haka da mana 2, kore zalla. Ka ƙara Llanowar Elves huɗu ka rufe magana.

Ɗan Rimi: Na gode Oga. Amma Elves kam a'a. Dek na bishiyoyi nake so, ba na son wani ɗan kunne-tsini a ciki. Kuma Forest 20 ɗin da gangan ne, na gaji da jawo ƙasa a jere lokacin da nake neman dodo.

Hajiyar Baƙi: Oga, ka rage wa Doran daraja. Assault Formation naka kaɗai yake taɓawa, Doran kuwa kowa da kowa, har na abokin karawa. Goblin mai ƙarfi 2 tauri 1 sai ya koma dukan 1. Shi kansa Doran mana 3 ne yana dukan 5. Batun launi kuma, Murmuring Bosk ai Forest ce, Harbinger na iya kawo ta, tana ba da fari ko baƙi a kan rai ɗaya. Ba sai ya sayi ƙasa masu tsada ba.

Oga Kongo: Hajiya, yaron da Goblin ke kashewa a zagaye na biyar za ki ce ya riƙa soke kansa da ƙasarsa? Kuma duk Plains ko Swamp da ya saka ya rage wa Dourbark ƙarfi, tunda Forest da bishiyoyi yake ƙirgawa. Dungrove Elder ma haka, shi Forest kaɗai yake ƙirgawa. Na buga launi uku tun kafin wasu su san wasan nan.

Sabon Gari 07: Ni dai shawarata, kar ka dogara da saƙo. Na taɓa yin odar katuna daga waje, suka yi watanni a hanya, da suka iso ambulan ta jiƙe, katunan sun lanƙwashe kamar taliya a rana. Mai sayarwa ya daina amsa ni. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ɗan Rimi: Allah Ya mayar da alheri. Ni a jaka za ta riƙo.

Mai Shuɗi: Ku huɗu ne a ɗaki, ba gasa kuke zuwa ba. Ka je shagon fotokofi a Samaru a buga maka hoton katunan masu kala, ka yanka, ka zura kowanne a leda a gaban wani tsohon kati. Ka gwada na Oga mako ɗaya, na Hajiya mako ɗaya, sannan ka turo wa yayarka sunaye.

Ɗan Rimi: Mai katunan ba ya yarda da na fotokofi. Ya ce ranar da aka fara, kowa zai zo da dek ɗin miliyan.

Abban Zara: Afuwan, tambaya. Ana saka kuɗi a wasan nan? Ƙanena ya fara, mahaifiyarmu ta tayar da hankali wai karta ce.

Hajiyar Baƙi: Ba ko kwabo. Amma ni ma a gida ɓoye nawa nake yi, an taɓa zuba min rabi a shara saboda hotunan.

Oga Kongo: Mu dawo kan magana. Ka ƙi Elves, na ji. Rampant Growth fa? Ba dodo ba ne, Forest kawai yake kawowa. Da Lignify biyu, ka mayar da babban dodon abokin karawa kututture mai tauri 4 da ba ya duka. Shi ma katin Treefolk ne, ba ka da ta cewa. Amma Forest 24 ba ciniki.

Hajiyar Baƙi: In ya sa Doran da Lignify tare, kututturen nan dukan 4 zai riƙa yi masa, a kula.

Oga Kongo: Shi ya sa na ce ba Doran.

Ɗan Rimi: Lignify ya yi min. Forest zan kai 21. Doran kuwa gaskiya na riga na faɗa wa yayata sunansa tun jiya, guda biyu. Yanzu wanne zan cire, Cloudcrown Oak ko Battlewand Oak? Na manta ban faɗa ba, ɗaya abokin namu tsuntsaye yake bugawa, Cloudcrown ne kaɗai ke tare min masu tashi.

Mai Shuɗi: Tsaya, huɗu kuke zama a tebur lokaci ɗaya, ko bibbiyu?