Katin zauren silima na tsohuwar Hollywood: ta yaya kuka gane na asali?

Baban Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani dillali ya tallata mini katin fim ɗin kaboyi na shekarun 1940, irin wanda ake kafawa a zauren gidan silima don jan masu kallo. Girmansa inci 11 da 14, kuma ya rantse na asali ne. Kafin in biya ina son jin waɗanda suka taɓa tsayawa a inda nake yanzu. Me kuka duba?

Malam na Chicago: Wa alaikumus salam. Ni ƙasan katin nake fara dubawa. A wancan zamanin, daga wajen 1940, kamfanin National Screen Service ne ke rarraba kayan tallan finafinai a Amurka, kuma yana buga lamba a gefen ƙasa: shekara, sai lambar fim. Na taɓa riƙe wani kati mai kyau, na ga harafin R kafin shekarar. Ma'anarsa an sake fito da fim ɗin ne bayan shekaru, aka buga masa sabon kati. Ba jabu ba ne, amma kuɗinsa bai kai na fitowar farko ba. Na nuna wa mai shagon, muka daidaita a kan farashin da ya dace. Ka kuma tambayi dillalin katin na nawa ne a jerin, domin takwas suke zuwa: ɗaya mai ɗauke da sunan fim da 'yan wasa, bakwai na hotunan fage. Mai sunan ya fi tsada.

Hajiya Mai Firam: Ɗana, lamba ba ta isa ba, mai buga jabu ma ya iya kwafar lamba. A 2009 aka bankaɗo katunan jabu na tsofaffin finafinan ban tsoro na kamfanin Universal, har manyan masu tarawa suka yi asarar dukiya, wanda ya shirya abin kuma ya ƙare a kurkuku. Dabarar ita ce a samo tsohon kati mai arha, a kankare fuskarsa, a manna sabon hoto. Ka juya baya ka ga tsohuwar takarda, hankalinka ya kwanta.

Tun daga lokacin ba na fita saye ba tare da tabarau mai ƙara girma da ƙaramar tocila mai hasken shuɗi irin ta gwada kuɗi ba. Takardar zamani tana da sinadarin ƙara fari, sai ta yi ƙyalli a hasken, tsohuwa kuwa ta yi shiru. Da tabarau kuma za ka ga injin bugawa na yanzu yana watsa ƙananan ɗigo, abin da katin shekarun 1930 ba shi da shi. Akwai ranar da na haska wani kati, fuskar ta ɗauki haske, bayan bai ɗauka ba. Na ajiye masa abinsa na fita.

Ɗan Autan Manchester: Nawa gajere ne. Wanda aka kawo mini inci 8 da 10 ne, na ɗauka an datse shi. Wani dattijo a kasuwar tsofaffin kaya ya ce a'a, haka na gidajen siliman Ingila suke. Na Mexico kuma sun fi na Amurka girma. Ka tabbatar da ƙasar da aka buga naka.

Yaya Babba: Ni abin da ya kwantar mini da hankali ramukan ƙusa ne a kusurwa huɗu da hatimin wani gidan silima a baya. Wasu na ganinsu aibi, ni kuwa katin da ya yi aiki nake so. Wanda ya haura shekara tamanin amma gefensa fes kamar yau aka yanka, shi nake tsoro.

Kuma lamarin ya wuce ado. Binciken ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka na 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace. Gobarar ma'ajiyar kamfanin fim na Fox ta 1937 ta cinye da yawa, ta kamfanin MGM a 1965 ta tafi da kwafin ƙarshe da aka sani na fim ɗin London After Midnight na 1927. Wani fim ɗin, katinsa da 'yan hotuna ne kawai shaidar an taɓa yin sa. Shi ya sa jabu ke ƙona mini rai.

Hajiya Mai Firam: Ramin ƙusa ma ana iya yi da gangan, Yaya, a haɗa shi da sauran gwaji. In ka saya, ɗana, kada ka sa masa salatif, kada ka rataye inda rana ke dukansa, launin zai kwashe. In gida za ka kai shi, ka yi hattara da danshin damina da gara.

Baban Iman: Allah ya saka da alheri. Na nemi dillalin ya turo hoton baya da na lambar ƙasa, ya kuma yarda in mayar idan gwajin hasken bai yi ba. Hajiya, tocilar mai wane ƙarfi kike amfani da ita?